Ƙwayar Ekstazi da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Darasinmu na yau yana da kalmomi biyu da suka fara da harafi guda: ƙwaya da ƙwaƙwalwa. Kafin ka ci gaba da karatu, duba su da kyau. Ƙ ce mai lanƙwasa, ba k ta kaza ba. Cikin ƙwaƙwalwa sau biyu ta fito. Rubuta su bisa allonka. To, yanzu mu ga abin da ta farko take yi ma ta biyu.

Ƙwayar da za mu yi magana a kanta ana ce mata ekstazi. Masu ilimin haɗa magunguna suna rubuta sunanta da baƙaƙe huɗu: MDMA. Ba ƙwayar ƙasarmu ba ce. Gidanta Turai da Amurka da Ostiraliya, inda samari da ƴammata ke shan ta wurin rawa ta dare. Kana iya cewa: to mu mi ya haɗa mu da ita? Ƴaƴanmu suna tafiya, kuma ci-rani na yanzu ba ya tsayawa Kano ko Abijan, akwai masu isa har Turai. Ban da wannan, an yi bincike mai yawa a kan ƙwayar nan, abin da aka gano kuwa yana buɗe ma mutum ido, ya fahimci yadda ƙwaya ke shiga kai ta taɓa wurin da ake yanke shawara.

Inda ta fito

A 1912 ne wani kamfanin magani na Jamus mai suna Merck ya fara haɗa ta. Ba ita suke nema ba. Suna neman maganin tsayar da zubar jini ne, sai ta fito a kan hanya, aka rubuta ta cikin takarda aka ajiye. Ta yi shekaru masu yawa ba wanda ya kula da ita. Cikin shekarun 1970 wani masanin haɗa magunguna na Amurka, Alexander Shulgin, ya sake haɗa ta, ya gwada a jikinshi, ya ba wasu likitocin tunani labarinta. Daga hannun likitoci ta faɗa hannun ƴan kasuwa. Su ne suka yaɗa sunan ekstazi, ma'anarshi matuƙar farin ciki. Ka ga sunan talla ne, kamar yadda mai tuwo-tuwo ba ta cewa miyarta ta kwana.

Ingila ta hana ta tun 1977, Amurka a 1985, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin haramtattun ƙwayoyi a 1986. Hanin bai tsayar da ita ba. Ƙarshen shekarun 1980 ta bazu a tsibirin Ibiza na ƙasar Ispaniya da biranen Ingila, inda dubban matasa ke taruwa su kwana suna rawa. Mafi yawan wadda ake sha a Turai a Holan da Beljik ake yin ta, a ɓoye.

Ƴar ƙarama ce, mai launi kamar alawa, da ɗan zane bisa kanta. Wani lokaci gari ce ko ƴan duwatsu kamar kanwa. Tunda a ɓoye ake yin ta, ba wanda ya auna. Ƙwaya biyu masu launi guda da zane guda, wata tana iya ninka wata ƙarfi. A Turai an lura ƙwayoyin da aka kama daga tsakiyar shekarun 2010 sun fi na shekarun 1990 ƙarfi nesa. Wani lokaci ma ba MDMA ce ciki ba, wata guba ce da ake kira PMMA, wadda ba ta kamawa da wuri. Mai sha ya jira, bai ji kome ba, ya ce ta jabu ce, ya ƙara ta biyu. Mutane sun mutu ta haka.

Mu leƙa cikin kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Wanda ya taɓa fasa kan rago ya san kamanninta: fara-fara, mai laushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe. Amma cikin ta mutum akwai ƴan jijiyoyi wajen miliyan dubu 86, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Duk abin da kake yi, tunani, tuna sunan kakarka, jin tsoro, ɗaga hannu, gane wannan harafi da kake kallo yanzu, saƙo ne da ke bi daga jijiya zuwa jijiya.

Abin mamaki, jijiyoyin ba su manne da juna ba. Tsakanin wata da wata akwai ɗan rata. Idan saƙo ya iso bakin ratar, sai jijiya ta saki wani sinadari ya tsallaka ya kai ma ta gaba. Mu kira shi ɗan aike. Ƴan aiken iri-iri ne, kowane da aikinshi. Wanda ya fi shafar darasinmu sunanshi serotonin. Yana da hannu cikin kwanciyar rai, da barci, da jin yunwa, da zafin jiki, da haƙuri, wato iya jira da iya kame kai.

Ɗan aike na kirki idan ya isar da saƙo yana komawa gida. Haka serotonin. Jijiyar da ta sake shi tana da ƴan ƙofofi da take maido shi ciki ta ajiye don gaba. Riƙe maganar ƙofofin nan, za mu sake cin karo da su.

Jijiyoyin da ke yin serotonin ba su da yawa. Gindinsu yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Daga nan suke miƙa zare mai tsawo zuwa ko'ina cikin kai, kamar duma: gindi guda a bakin darni, amma yaɗonta ya rufe ɗaki duka.

Dare guda

Mutum ya haɗiye ƙwaya. Bayan rabin awa ko awa guda ta bi jini ta isa kai. Tana shiga jijiya ta ƙofofin nan da muka faɗa, sai ta juya su. Ƙofar da aka yi don maido ɗan aike ciki ta koma ta fitar da shi waje. Serotonin da aka tara don kwanaki ya kwararo gaba ɗaya. Wasu ƴan aiken ma suna fita tare da shi, masu sa zuciya bugu da masu sa jin daɗi.

Mi mai sha ke ji? Mu faɗi gaskiya, don ƙarya ba ta hana yaro abin da abokinshi ya ce mashi da daɗi. Yana jin farin ciki mai yawa. Gajiya ta tafi, barci ya tafi, yunwa ta tafi. Kiɗa ya ƙara mashi daɗi. Kowa ya gani sai ya ji kamar ɗan uwanshi ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yana son ya rungumi mutane, ya buɗe masu cikinshi. Wannan yana ɗaukar awa 3 zuwa 6. Daga waje kuwa, mai kallo yana ganin baƙin idonshi ya buɗe, yana zufa, yana cizon haƙora har muƙamuƙi ya yi ciwo, zuciya na bugawa da sauri.

Yanzu duba wani gwaji da masana suka yi. Sun ba mutane ƙwayar a ɗakin bincike, ƙarƙashin kulawar likita, suka nuna masu hotunan fuskoki: mai dariya, mai fushi, mai tsoro. Waɗanda suka sha ba su cika gane fuskar fushi da ta tsoro da kyau ba. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna wani ɗan yanki da ke can ciki, mai aikin gargaɗi idan haɗari ya taso, ya yi sanyi lokacin da aka nuna fuskar fushi. Wato karen gida ya yi barci.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Yarinya tana cikin taron da ba ta san kowa ba, ƙarfe uku na dare, a garin da ba nata ba. Wani ya ce mata zo mu tafi. Jiya da rana da ta dubi idonshi ta ƙi. Yau abin da ke duba ido ya kwanta. Saurayi kuma yana jin babu gajiya, babu abin tsoro, ya karɓi makullin mota. Wani ya miƙo mashi ƙwaya ta biyu ko kwalbar giya, ya karɓa, ai mai miƙowa ɗan uwa ne. Ƙwayar ba ta sa mutum hauka irin na mai yawo tsirara a kasuwa. Yana magana daidai, yana tsaye da ƙafarshi, ya san sunanshi. Sikelin awon shawara ne aka karkata, shi kuwa mai sikelin bai sani ba. A ganina wannan ya fi maye na tangaɗi haɗari, don mai tangaɗi kowa na ganin shi a riƙe shi.

Kwana biyu bayan biki

Manomi ya san lissafin rumbu. Hatsin da aka zuba a kaka shi zai kai gida har damina, in ana ɗiba tiya-tiya. Wanda ya buɗe rumbu ya yi sadaka da shi duka rana guda, ranar nan sunanshi ya kai ko'ina. Sai kuma bazara ta zo.

Haka ƙwayar nan ke yi da serotonin. Kuma ba ta tsaya ga kwashe na rumbu ba, tana raunana abin da ke ƙera sabo na ɗan lokaci. Saboda haka rumbun ba ya cika da wuri, sai an yi kwanaki, ga mai sha da yawa har makwanni. Masu sha a Ingila sun san abin sarai. Su sha daren Asabar, ranar Talata ko Laraba rai ya ɓaci ba dalili. Ga baƙin ciki, ga saurin fushi, barci ya ƙi, abinci ba daɗi, hankali ya ƙi tsayawa wuri guda. Kuma cikin waɗannan kwanaki ne mutum ke zuwa aiki, yake zama jarrabawa, yake magana da matarshi. Shawarar da aka yanke ranar Talatar nan, ta barin aiki ko ta rabuwa da wani, ita ma ƙwayar Asabar tana da hannu ciki.

Akwai wani tarko kuma. Wanda ya saba sha, daɗin farko ba ya dawowa kamar da. Sai ya ƙara yawa. Daɗi bai ƙaru ba, amma zafin jiki da bugun zuciya da ɓacin ran Talata sun ƙaru.

Ko tana taɓa ginin ƙwaƙwalwa?

Abin da muka faɗa har yanzu yana wucewa. Babbar tambaya ita ce: bayan ƙwaya ta fita jiki, ko ta bar tabo?

An fara da dabbobi. Ɓeraye da birai da aka ba MDMA mai yawa, da aka duba ƙwaƙwalwarsu sai aka tarar zaruruwan serotonin sun ragu ƙwarai. Ka tuna duma. Gindin yana nan da rai, bakin yaɗon ne ya bushe. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun ba wasu ƙananan birai ƙwayar sau biyu a yini, kwana 4 kacal. Suka jira. Bayan shekara 6 zuwa 7 suka duba, a rahoton da suka fitar a 1999: yaɗon ya sake tohowa a wasu wurare, amma bai koma yadda yake ba. Wani yanki ya samu, wani yanki, musamman mai nisa da gindi, ya zauna da ƙaranci.

Wannan gidan bincike ɗin dai ya fitar da wani rahoto a 2002 mai tsoratarwa ƙwarai, cewa shan dare guda yana iya lalata wasu jijiyoyi na daban har ya jawo ciwon karkarwa. A 2003 suka janye shi da kansu. Ashe kwalaben da suka yi aiki da su an liƙa masu sunan da ba nasu ba, wata ƙwaya ce daban aka ba biran. Na kawo wannan don ka san yadda ilimi ke tafiya: ana faɗa, ana sake gwadawa, abin da bai tsaya ba a zubar. Zancen serotonin ya tsaya, don an maimaita shi a wurare da yawa.

Mutum ba biri ba ne, kuma ba a fasa kan mai rai a duba. Sai aka yi aiki da na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin kai. Ga masu sha da yawa, hoton ya nuna ƙofofin serotonin sun ragu a ɓawon ƙwaƙwalwa da kuma yankin da ke riƙe sabon abin da aka koya. Gwargwadon yawan shan mutum, gwargwadon raguwar. Ga labari mai daɗi ciki: waɗanda suka daina suka daɗe, hoton ya nuna ƙofofin suna dawowa, ko da ba duka ba. Wasu ƙananan bincike, masu mutane kaɗan, sun ce sun ga wasu yankuna sun ɗan ƙanƙance ga masu shekaru suna sha, wasu kuma ba su ga haka ba. Masana ba su haɗa baki kan wannan ba.

Inda suka fi haɗa baki shi ne wajen riƙe magana. A karanta ma mutum jerin kalmomi, a ce ya maimaita, a jira kaɗan a sake tambayar shi. Masu shan ekstazi da yawa suna komawa baya ga tsaransu a wannan gwaji. Kai da kake zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan ka gama aikin yini, ka san darajar kan da ke riƙe abin da aka koya jiya.

Sarkin da ke bayan goshi

Ɗora hannunka bisa goshinka. Yankin ƙwaƙwalwa da ke bayan hannun nan shi ke auna shawara. Shi ke cewa dakata. Shi ke tuna ma mutum cewa akwai gobe.

Yadda aka fara gane haka labari ne mai ban tsoro. A 1848, a Amurka, wani shugaban leburori masu gina hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe. Albarushin ya tashi. Sandar, wadda tsawonta ya wuce mita guda, ta shiga ƙarƙashin kuncinshi na hagu ta fita ta tsakar kai. Bai mutu ba. Ya rayu kusan shekara 12 bayan haka, yana tafiya, yana magana. Amma likitan da ya yi jinyar shi ya rubuta cewa halinshi ya sake. Mutum mai natsuwa da tsari ya koma marar haƙuri, mai zagi, ya ƙulla shiri yanzu ya warware anjima. Ƙarfen gaban ƙwaƙwalwa ya ratsa.

Wannan yanki shi ne na ƙarshe wajen nuna. Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. Dattawanmu ba su da na'ura, amma sun san ba a ba ɗan shekara 17 riƙon gida. Yanzu ka haɗa biyu da biyu: masu shan ekstazi mafi yawansu matasa ne, a shekarun da ginin bai bushe ba. Kuma yaɗon serotonin yana isa har bayan goshin nan.

Wasan karta huɗu

Ƙaƙa ake auna iya shawara? Ba a ɗora ta bisa sikeli. A 1994 wasu masana na jami'ar Ayowa a Amurka, Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu, suka fito da wata dabara. Ɗauko allonka, akwai lissafi.

Ana ajiye ma mutum tarin karta huɗu a kife, a ba shi rancen kuɗɗin wasa dala 2000. Dalar Amurka ce, ba tamu ta faran biyar ba. Ana ce mashi ya riƙa jawo karta ɗaya-ɗaya daga tarin da ya ga dama, ya nemi riba. Ba a faɗa mashi sirrin ba. Tari na ɗaya da na biyu, kowace karta tana ba da dala 100. Tari na uku da na huɗu, dala 50 kawai. Amma jefi-jefi karta na zuwa da tara.

A tarin masu 100, cikin karta 10 mutum yana samun 1000, tara kuwa tana cin 1250. Nawa ya rage? Ba abin da ya rage, har an ci mashi 250 cikin uwar kuɗɗi. A tarin masu 50, cikin karta 10 yana samun 500, tara tana cin 250. Ya tashi da ribar 250. Ka gani? Tarin da ke da daɗi a hannu shi ne na asara.

Ana barin mutum ya ja karta 100. Mai lafiyar kai da farko yana rugawa wajen masu 100, kowa ma haka zai yi. Bayan ya sha duka kaɗan sai ya fara janyewa ya koma ga masu 50. Abin da ya fi ba ni mamaki, da aka sa ma hannunsu na'urar auna zufa, an ga tun kafin mutum ya iya faɗin wane tari ne mugu, fatarshi na fara zufa idan ya kai hannu wurin. Jiki ya riga baki sani. Waɗanda gaban ƙwaƙwalwarsu ya samu rauni kuwa, zufar nan ba ta zo masu. Suna ci gaba da jan masu 100 har kuɗɗi su ƙare, wasunsu ma suna iya faɗa da bakinsu cewa tarin mugu ne, hannu kuma bai daina ba.

An gwada masu shan ekstazi da wannan wasa da ire-irenshi. A wasu bincike, masu sha da yawa sun fi tsaransu liƙe ma tarin asara, sun fi su gaggawar ba da amsa tun ba su gama dubawa ba. A wasu kuma bambancin ya yi kaɗan, ko ya ɓace da aka yi la'akari da sauran abubuwan da suke sha.

Nan akwai ƙulli biyu. Na ɗaya, da wuya a samu mai shan ekstazi ita kaɗai. Yana shan wiwi, yana shan giya, yana kwana bai yi barci ba. In an ga lahani, wa za a kama? Na biyu ya fi wuya: ƙwaya ce ta sa shi gaggawa, ko dama mai gaggawa ne shi ya sa ya karɓi ƙwaya?

Masana sun yi ƙoƙarin kwance su. A Amurka, wani bincike da ya fito a 2011 ya nemo masu shan ekstazi da ba su cika taɓa wani abu ba, ya gwada su da ƴan rawar dare da ba su sha. A yawancin gwaje-gwajen ba a ga bambanci mai yawa ba. Inda aka gani shi ne wajen kame kai da bin tsari. A Holan kuma sai suka bi ta wata hanya: suka auna matasa tun ba su taɓa sha ba, suka jira, suka sake auna su. A rahoton 2007, waɗanda suka fara sha, ko da ƴan ƙwayoyi kaɗan ne, sun ɗan koma baya ga waɗanda ba su sha ba wajen riƙe kalmomi. Raguwar ƙarama ce, amma an gan ta.

Ni dai ga yadda nake karanta wannan. Wanda ya ce ƙwaya guda tana huda ƙwaƙwalwa ya yi ƙari. Wanda ya ce alawa ce shi ma ya yi ƙarya. Kuma ko da gaggawar ta riga ƙwayar, wannan ba abin kwantar da rai ba ne. Yaron da birkinshi dama ba ya kamawa sosai, shi ne aka miƙa ma abin da ke ƙara sassauta birki.

Kana iya jin labari a rediyo cewa ana magani da ita. Akwai ƙamshin gaskiya. Tun Yuli 2023 ƙasar Ostiraliya ta yarje ma wasu likitocin tunani na musamman su yi aiki da MDMA ga masu ciwon firgita, irin wanda ke kama mutum bayan yaƙi ko wata babbar masifa. A Agusta 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa, ta ce a ƙara bincike. Can ma awo ne na likita, sau kaɗan, a ɗaki mai sanyi, da masu kula zaune kusa. Ba shi da haɗi da ƙwayar da wani ya ciro daga aljihu cikin duhu.

Zafi da ruwa

Waɗanda ekstazi ke kashewa, galibi ba a hankali take kashe su ba, cikin dare guda ne. Hanya ta farko zafi. Ƙwayar na ɗaga zafin jiki, ga rawa awa da awa cikin cunkoso, ga shi ta ɗauke jin gajiya da zai ce ma mutum zauna. Zafin jiki ya wuce digiri 40, nama ya fara lalacewa, ƙoda da hanta su gaza. Wannan a Turai ke nan mai sanyi. Ka ƙiyasta shi a Tawa cikin watan Afrilu.

Hanya ta biyu ruwa. Ƙwayar na sa jiki ya riƙe ruwa, fitsari ya ragu. Mai sha ya ji an ce zafi na kisa, sai ya yi ta kwankwaɗa. Ruwa ya yi yawa cikin jini, gishirin jini ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin ƙoƙon kai da ba ya buɗewa. A 1995 wata yarinya ƴar shekara 18 a Ingila ta sha ƙwaya guda ranar bikin haihuwarta, a gidansu, ta bi ta da ruwa wajen lita 7 cikin awa ɗaya da rabi. Ta suma, ba ta farfaɗo ba. Wannan matsala ta fi kama mata.

Sai haɗi. A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Tramol, wadda ka san yadda ta yi katutu a tashoshin mota da wajen masu aikin ƙarfi, maganin ciwo ce dangin ofiyom, amma ita ma tana taɓa ƙofofin serotonin. Mai shan ta da yawa kuma yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wanda ya haɗa tramol da ekstazi, ko da wasu magungunan baƙin ciki na asibiti, serotonin na iya yi mashi yawa har ya zama guba: jiki ya ɗauki zafi, ya yi ta karkarwa, nama ya sandare, hankali ya gushe.

In ka tarar da mutum cikin wannan hali, ko wace ƙwaya ce ya sha, kada a tsaya faɗa ko neman mai laifi. A kai shi inuwa, a sassauta mashi tufafi, a jiƙa zane a shafa mashi a wuya da hammata, a yi mashi fifita. Kada a ɗura mashi ruwa. In ya suma a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada a cusa mashi cokali ko tsumma a baki. A nemi mota zuwa asibiti nan da nan. Can a faɗa ma likita abin da ya sha, da yawan shi, da lokacin da ya sha, ko da akwai kunya. In an samu sauran ƙwayar ko takardarta cikin aljihunshi, a tafi da ita.